Kafin Ka Ajiye Jakarka A Hotoro

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Habibu, ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya kai ka Kano lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya sa ka shiga kamfanin nan na Bompai da ƙafar dama. Innarka ma na gaishe ka. Ta ce in faɗa maka yajin da ta ƙulle a gefen jakarka na ci ne, ba na rabo ba.

Na zaɓi in rubuta maka ne saboda na san halinka. In na fara magana sai ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba", hankalinka kuwa yana kan waya. Jiya na ji kana gaya wa ƙanenka ka samu ɗaki a Hotoro, wai yayan wani abokinka ne zai ba ka, ba sai an yi takarda ba tunda abin na gida ne. Na tambaye ka gidan waye, ka ce nasu ne. Na ce nasu su wa, ka yi shiru. Irin shirun nan na taɓa yi, ya kusa sa a haife ka a bakin titi. Don haka ka gyara zama ka karanta, ko da motar na girgiza ka.

Lokacin ina aiki a kamfanin sarrafa fata a Challawa, ɓangaren da ake jiƙa fata a wanke ta, inda wari ke bin mutum har sahun masallaci. Na yi aure, ina so in ɗauko innarka daga gida, ba ni da inda zan ajiye ta. Sai aka haɗa ni da Ɗanliti. Ɗan ƙasarmu ne, ƙauyensu na gaba da namu. Ya taɓa aiki a Sharada ya bari, ya koma yawo da babbar riga da tarin makullai a hannu. Ya kai ni wani gida a Panshekara mai ɗakuna a jere da rijiya a tsakiya, ya buɗe min ɗaki ɗaya mai ɗan sito a gefe, ya ce, "Sale, ga ɗakinka. Gidan nan gumina ne."

Na so in tambaye shi yaushe gumin nasa ya kai gida sukutum, kunya ta riƙe min baki. Da ƙyar na ce, "Ko za a ɗan rubuta wani abu?"

Ya dafe ƙirji. "Haba Sale, ni da kai? A gonar babanka fa na koyi riƙe fartanya. In an ji a gida na ba ka takarda kamar baƙo, da wane ido zan dubi mutane?"

Sai ga ni ina ba shi haƙuri. Ya ƙara da cewa kada in wahalar da kaina neman sa, shi zai riƙa zuwa ƙofar kamfani ranar albashi ya karɓa. Na yi ta godiya, na ce Allah Ya bar zumunci. Ban gane ba, ashe ba ya so ne kuɗi su taɓa shiga hannunsa a cikin gidan.

To ka ji kuskurena na farko, kuma shi ne uwar sauran. Kunya ado ce a gaban surukai, amma ba a karɓar makulli da ita. Duk wanda ya miƙa maka makullin ɗaki, ka tambaye shi kai tsaye: naka ne, ko kai ma haya kake? In ya ce shi wakili ne, ya kai ka ka gaisa da mai gidan. In ransa ya ɓaci saboda tambayar, ka gode wa Allah da Ya nuna maka shi tun kayanka na cikin jaka.

Akwai abin da ya kamata in lura da shi, ban lura ba. Duk mazan gidan nan masu aikin safe ne. Ɗanliti ba ya ba mai aikin dare ɗaki, wai suna damun mutane da buga ƙofa. Da sassafe gida ya zama na mata da yara, sai la'asar mu dawo. Daga lokaci zuwa lokaci kuma wata tsohuwa kan zo da hantsi, ta zagaya gidan, ta ɗan zauna, ta tafi. Ɗanliti ya riga ya gaya wa matanmu cewa gwaggonsa ce, tsufa ya taɓa mata kai, duk gidan da ta shiga sai ta ce nata ne. In ta yi magana a ce mata to, kada a ja ta da hira.

Innarka ba ta iya ganin babba a tsaye. Ita ce mai shimfiɗa mata tabarma, ta ɗebo mata ruwa, in akwai kunu ta zuba mata. Wata rana na dawo ina cire takalmi ta ce da ni, "Malam, tsohuwar nan fa lafiyarta ƙalau. Yau ta nuna min inda kwata ke toshewa da damina, na duba, nan ne. Ta taɓa tsagar bangon bayan gida ta ce ta ƙaru a kan ta bara. Wanda kansa ya taɓu ba ya bin tsagar bango."

Ka san abin da babanka mai wayo ya ce? Na ce, "Ke da kika zo birni jiya, me kika sani?" Ta miƙo min tuwo. Har yau in muka yi gardama sai ta ce, "Ni da na zo birni jiya", ni kuma in nemi hulata in fita.

Ka riƙe wannan, shi ne kuskurena na biyu. Mai fita aiki kwana kawai yake a gida, mai wuni a ciki shi ya san gida. In Allah Ya ba ka mata, ko maƙwabci tsoho mai zama a ƙofa, ka saurare su kafin ka ce ka fi su sani.

Na uku ya fi min nauyin faɗa, amma zan faɗa don kai. Akwai wani bawan Allah, Isufu, mutumin Damagaram, mai aikin dare a ɓangarenmu. Ba shi da ɗaki, da rana a barandar masallaci yake barci, yara na tsallake shi. Na dubi ɗan siton nan da ke gefen ɗakina, babu komai a ciki sai buhun gawayi. Na ce ya zo ya riƙa kwanciya. Da na tsaya a nan da na samu lada. Amma innarka na ɗauke da cikinka, hidima ta ƙaru, sai na ce ya riƙa ba ni ɗan wani abu duk wata. A bakina taimako nake kiran sa, alhali haya ce na bayar a cikin haya, ba da izinin kowa ba. Da Ɗanliti ya ji, ya ɓata rai, daga baya ya yi murmushi ya ce ba komai, Isufu dai kada ya riƙa fitowa tsakar gida kafin azahar. Na ce kai, mutumin nan akwai kirki.

Asiri ya tonu ne ranar da wuta ta ɗauke a Challawa, janareton kamfani kuma ya ƙi tashi. Aka sallame mu tun da hantsi. Muka kwaso jiki muka dawo gida gaba ɗaya, wannan na wanki, wancan na aski a bakin rijiya, Isufu ma hayaniya ta fito da shi. Sai ga tsohuwa ta yi sallama. Ta tsaya cak tana bin mu da kallo. Ni da na fi kowa ladabi na matsa na rusuna.

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Gwaggon wa?"

"Gwaggon mai gida."

"Wane mai gidan?"

"Ɗanliti mana."

Ta nemi turmi ta zauna a kai. Ta ce, "Yaro, sunana Hajiya Asabe. Gidan nan mijina ya mutu ya bar wa marayuna. Ɗanliti ne na ba wa haya, shi da iyalinsa da matan ƙannensa da ya ce suna zuwa daga ƙauye, da sharaɗin ba zai sa kowa ba. Ku su waye?"

Na waiwaya, innarka na tsaye a ƙofar ɗaki da cikinta, kallon da ta yi min ya fi min zagi ciwo.

Da Hajiya ta tsare Ɗanliti, sai ya shafa wa idonsa toka ya ce mu 'yan ƙauyensu ne da ya sauka don Allah, bai taɓa karɓar sisin kwabo ba, mun ga wuri mun miƙe ƙafa mun ƙi tashi. Hajiya ta rasa wanda za ta gaskata, ta kai mu ƙara gaba ɗaya a fitar mata da mu. Aka kawo sammaci. Damina ta sauka, innarka ta shiga watanta. A ranar ne Ɗanliti ya tare ni a zaure yana kaɗa makullai ya ce, "Sale, ka nemi mai kura ya kwashe maka kaya tun da wuri. Kafin matarka ta haihu za a watsar da kayanku waje, ina tsaye ina kallo."

Ban san sanda na shaƙe wuyan rigarsa ba. Innarka ce ta riƙe min hannu ta ce, "Malam, abin da yake nema ke nan. Ka doke shi ka kwana wurin 'yan sanda, ni kuma in kwana a titi." Na sake shi. Habibu, na ga irin zuciyar nan a jikinka, gadonta ka yi. In rigimar gida ta taso, hannunka ya zauna a aljihu. Kada ka fasa kwaɗo, kada ka ƙi karɓar sammaci, kada ka gudu. Wanda ya yi duka ya sayar da gaskiyarsa da araha.

Muka je kotun shari'a, mu ma muka shigar da tamu ƙarar a kan Ɗanliti, alƙali ya haɗa su. Ya tambaye ni rasit, na ce babu. Ya tambayi shaidu, duk 'yan gidan muka miƙe. Ya ce, "Ku zauna. Duk mai ɗaki a gidan nan kansa zai yi wa shaida, ba zan karɓa ba. Ku kawo min mutanen da ba su da ruwa a maganar, waɗanda suka ga kuɗi na shiga hannunsa da sunan haya." Ɗanliti ya gyara hula yana murmushi.

A hanyar komawa ne abin ya faɗo min. Wayon da ya yi na ƙin karɓa a gida shi ne ya kai shi ƙofar kamfani, inda idanu suka fi yawa. Malam Iro da Garba Dogo, da muke fitowa tare duk ranar albashi, sun sha ganin sa, sun sha jin abin da yake faɗa. Na same su, suka ce sun gani, kuma za su faɗa ko a gaban wa. Sai dai kotu da safe take zama, su kuma masu aikin safe ne. A wurinmu in ka yi fashi, kafin ka dawo an ɗauki wani daga cikin masu jira a ƙofa. Ba zan ce mutum ya rasa abincin 'ya'yansa don ɗakina ba.

Ɗanliti ya san wannan sarai, shi ma ya yi aikin kamfani. Sai ya koma jan ƙafa. Yau ya aiko ba shi da lafiya, wani zaman ya ce an yi masa rasuwa, a ɗage. Lissafinsa shi ne shaiduna za su zo sau ɗaya ko biyu su gaji, ni kuma ciki zai matsa min in kwashe kayana da kaina.

Isufu ne ya kwance mana ƙullin. Ya je ya tara 'yan aikin dare ya gaya musu halin da ake ciki. Suka ce abu mai sauƙi: duk ranar da za a zauna, Malam Iro da Garba da ni mu karɓi aikinsu na dare, su kuma su tsaya mana da safe. Muka je wurin heluma, shugaban ma'aikatan ɓangarenmu, ya ce shi dai kada inji ya tsaya, kowa ya ga dama ya tsaya a kansa. Haka aka yi ta yi. Ɗanliti ya sa a ɗage, mu yi musanya. Ya sake sa a ɗage, mu sake musanya. Mutanen da ya hana ɗaki don suna aikin dare, su ne suka riƙe mana injinanmu. Ka zauna lafiya da abokan aikinka na kowane lokaci, kada ka ce wannan na dare ne ba ruwanka da shi. Ka yi wa mutum canji in ya roƙe ka, ko da ranka ba ya so.

Har alƙali ya gaji ya ce zama na gaba ko Ɗanliti ya zo ko a yi ba shi. Ya zo. Mu kuma daga bakin aiki muka wuce kotu, da dogayen takalmanmu na roba, ba wanka, idanu jajir. Muna shiga mutane suka fara toshe hanci. Alƙali ya ɗago kai ya ce a buɗe tagogi, sannan ya ce, "Daga ina haka?" Garba Dogo ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, daga neman halal." Alƙali ya ce to su matso, amma kada su matso sosai.

Malam Iro ya ba da shaida tiryan-tiryan. Ya ce duk ranar albashi Ɗanliti na tsaye kusa da mai rake, yana cewa, "Sale, kuɗin ɗakina." Ya ce saboda rashin fashinsa har suna 'yan kamfani suka sa masa, Ƙarshen Wata. Kotu ta kwashe da dariya, har Hajiya sai da ta rufe baki da mayafi. Garba ya faɗi nasa daban, bai saɓa ba. Alƙali ya tambayi Ɗanliti ko yana da suka a kan shaidun.

A nan ya fito da abin da ya daɗe yana ajiya. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, a tambayi Sale wa ke kwana a sito, kuma nawa yake karɓa. In ni maci amana ne, shi mene ne?"

Babu takarda, babu wanda ya taɓa ganin Isufu na ba ni komai, da na musa da na sha. Amma mutanen nan sun kwana a tsaye don a faɗi gaskiya, ba zan sa su a gaba in yi ƙarya ba. Na ce, "Gaskiya ne, na karɓa." Alƙali ya dube ni. Ya ce, "Wato kai ma ka ɗan lasa." Ya wanke ni tas a gaban jama'a, na sunkuyar da kai na shanye, don na ci. Sannan ya juya ga Ɗanliti ya ce laifin Sale ba ya goge shaidar mutum biyu, ko akwai wata sukar? Ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Aka yanke hukunci. Ɗanliti ya saɓa sharaɗi, ya yaudari Hajiya, ya yaudare mu, zai mayar da abin da ya ci, ya kuma bar gidan. Ni in miƙa wa Hajiya abin da na karɓa a hannun Isufu. Mu ba 'yan kutse ba ne, babu mai taɓa mana ko cokali. Amma gida na Hajiya ne, in tana son abinta sai ta ba mu wa'adi yadda doka ta tanada. Wallahi na fito kotun nan ina jin kamar ni na gina ta. Sai a bakin ƙofa na tuna har yanzu ɗakin ba a hannuna yake ba, yana bakin matar da na kira gwaggon wani.

Washegari da la'asar ta zo, muna nan gaba ɗaya. Ta ce, "Ina mai shimfiɗa min tabarma?" Innarka ta fito da ƙyar. Hajiya ta ce, "Wannan ba za ta haihu a titi ba, ina da rai. Kowa ya zauna a ɗakinsa. Amma daga yau ni za ku sani, ɗana zai rubuta wa kowa takardarsa." Kuɗin da ta yanka bai kai abin da Ɗanliti ke tatsar mu ba. Isufu ma ta ba shi siton da sunansa. Sannan ta nuna ni da sanda ta ce, "Kai kuma mai gwaggo, in ka ƙara sa ko kaza a gidan nan ban sani ba, ni da kai ne." Na ce na ji, na kuma kiyaye har muka bar Kano.

Saboda haka ga abin da nake so da kai. In ka sauka, ka kwana wurin kawunka a Kumbotso, nisan ba zai kashe ka ba. Ka sa yayan abokin nan naka ya kai ka gaban mai gidan, ka ji daga bakinsa cewa ya yarda da zamanka. A rubuta, ka riƙe naka, duk biya ka karɓi rasit. Ka je gidan da hantsi, ka koma da yamma, ka gaisa da maƙwabta. In ka samu ɗakin kuma, wani ya zo yana neman wurin kwana, ka taimake shi da sanin mai gida, kuma kada ka karɓi komai. In abin bai yiwu ba ka bar shi, ɗakuna ba su ƙare a Kano ba.

Ba a jima da zuwan Hajiya ba aka haife ka, a cikin ɗakin nan, ruwa na zuba a kan kwano. Ka tuna Ɗanliti ya ce za a fitar da kayanmu waje, kuma an fitar. Da hannuna na fitar da su ranar sunanka, tabarmi da kujeru da duk kwanon da muka mallaka, don baƙi sun yi wa gidan yawa. 'Yan aikin dare suka zo kai tsaye daga kamfani suka cika ƙofar gida, Hajiya Asabe na ciki tana riƙe da kai. Da aka watse na kwashe kayana na mayar ɗakina, na rufe ƙofata.

Allah Ya tsare min kai daga sharrin mai daɗin baki, Ya haɗa ka da mai gida na gari da maƙwabta na gari. Allah Ya kiyaye hannunka daga inji, Ya sa albarka a guminka, Ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙe salla, ka kira innarka da zarar ka sauka.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sale